Gidan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu a New Orleans: ya ci kuɗin tikitinsa, amma ka shiga da labarin Boma a kanka

Duk wanda Allah ya kai shi kudancin Amurka, kuma yana da wuni guda a hannunsa, shawarata ita ce ya yi wunin nan a gidan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ke titin Magazine a birnin New Orleans. Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne, ya haura dala 30 ga babba, amma ban ji zafin ko sisi ba. Sharaɗi guda ne kawai ga ɗan ƙasarmu, kuma shi ya sa na zauna wannan rubutu. Gidan na Amurkawa ne, labarinsu suke bayarwa, ba su kuma ɓoye hakan ba: me ya sa suka shiga yaƙin, yaya aka yi suka ci, me ya bar musu. Rabonmu na wannan yaƙi kuwa, kai za ka shiga da shi a kanka.

Sana'ata walda ce, a Houston nake aiki, amma haifaffen Zariya ne ni. Na tafi da 'yata da ke sakandare a nan, da kawuna da ya zo aikin ido ya ɗan tsaya wurinmu kafin ya koma gida. Mahaifin Kawu, wato kakana na wajen uwa, ɗan Boma ne, yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka ɗiba suka kai yaƙin Japan. Daga Houston tafiyar awa biyar zuwa shida ce a mota, wani yankin hanyar gada ce doguwa a kan fadama.

An buɗe gidan ranar 6 ga Yuni, 2000, da farko don tunawa da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi kaɗai, daga baya aka faɗaɗa shi ya game yaƙin duka. Mutum zai yi mamakin abin da ya kawo shi New Orleans maimakon Washington. Amsar tana ajiye a babban zauren farko: wani jirgin ruwa ƙarami mai launin toka, tsawonsa ƙafa 36, gabansa a daddaɗe ba tsini. A nan na fi daɗewa, har 'yata ta fara jan hannun rigata. Jikin jirgin katakon manne ne, irin wanda kafintocinmu ke rufe bayan durowa da shi, sai dai ya fi kauri. Ƙarfen kirki yana gaba ne, wata ƙofa da ake saki ta faɗi a kan rairayi, sojoji 36 su fito a guje da bindigoginsu. Farfelarsa an shigar da ita cikin wani kwari a ƙasan jirgin, don haka yana iya hawa gaɓa ya sauke mutane ya ja da baya ba tare da ta bugi ƙasa ba. Mutumin da ya ƙera shi, Andrew Higgins, tun kafin yaƙi jiragen shiga fadamun Louisiana yake yi wa masu haƙar mai da mafarauta, inda ruwa ba shi da zurfi. Kamfaninsa ya yi jirage sama da 20,000 a wannan birni lokacin yaƙin, da ma'aikata sama da 20,000, maza da mata, baƙaƙe da farare. Stephen Ambrose, masanin tarihin da ya kafa gidan, ya ce Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance a Yammacin Turai, ya gaya masa cewa Higgins ne mutumin da ya ci musu yaƙin. Idan ka tsaya gaban jirgin za ka gane abin da yake nufi. Kafin irin wannan jirgi, wanda zai kai runduna wata ƙasa ta teku sai ya fara ƙwace tashar jiragen ruwa, kuma tashar ce abokin gaba ya fi tsarewa. Da shi kuwa kowace gaɓa mai rairayi ta zama ƙofa.

Da ka sayi tikiti za a ba ka kati mai siffar tambarin ƙarfen da soja ke ratayawa a wuya, a shigar da kai wani taragon jirgin ƙasa irin na wancan zamani. A nan ake haɗa katinka da sunan wani mutum na gaskiya da ya yi yaƙin, sai ka riƙa taɓa katin a na'urori cikin zaurukan kana bin abin da ya same shi. Dabara ce mai kyau ga yara. 'Yata ta bi nata har ƙarshe don ta san ko ya dawo gida da rai.

Sashen da nake roƙon kada a yi masa gaggawa shi ne wanda ke bayanin yadda hadarin ya haɗu. Tushen abin yana komawa 1919, ga yarjejeniyar Versailles da aka rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita. An ɗora wa Jamus laifin yaƙin, aka yanka mata diyya mai nauyi, aka rage mata soja, aka ƙwace ƙasashen da take mulka, ciki har da Kamaru da Togo da Ingila da Faransa suka raba tsakaninsu. Shugaban Amurka Woodrow Wilson shi ya kawo shawarar kafa majalisar ƙasashe da za ta hana a sake irin wannan ɓarna, amma majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi, Amurka ba ta shiga ba. Sai karyewar arziki ta 1929, da ta faro daga kasuwar hannun jari ta New York ta bi duniya. Zuwa 1932 Jamusawa kusan miliyan 6 ba su da aikin yi. Mai yunwa da ɓacin rai kuwa yana sauraron duk wanda ya nuna masa wanda zai tsana. Hitila ya nuna musu Yahudawa da 'yan gurguzu da waɗanda suka sa hannu a Versailles, ranar 30 ga Janairu, 1933 aka naɗa shi shugaban gwamnati.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan wuraren da za a iya taka wa abin birki aka ƙi. A 1931 Japan ta mamaye Manchuria, aka yi surutu aka watse. A 1935 Musolini na Italiya ya afka wa Habasha, har da iskar guba. Sarki Haile Selassie ya je Geneva a 1936 ya tsaya gaban majalisar ƙasashe ya kai kuka, ba wanda ya ɗaga yatsa. Kawu ya daɗe a wannan wuri, sannan ya ce da ni, "Kai ɗan nan, da a kan Habasha suka tsaya, da abin bai kai gidajensu ba." Ban ga abin da zan ƙara a kan wannan ba. A 1937 Japan ta shiga Sin gadan-gadan. A 1938 Hitila ya haɗiye Austria, sannan a taron Munich Ingila da Faransa suka miƙa masa wani yanki na Czechoslovakia don a zauna lafiya. A Agustan 1939 ya ƙulla yarjejeniya da Stalin na Tarayyar Sobiyet, ranar 1 ga Satumba ya afka wa Poland, ranar 3 Ingila da Faransa suka yi shelar yaƙi. Ranar da Ingila ta shiga mu ma mun shiga, ba a tambayi kowa a Kano ko Sakkwato ba. Da Faransa ta faɗi a Yunin 1940, Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ta zama iyakar ɓangarori biyu na yaƙi.

Amurka dai tana gefe, kuma gidan bai yi wa wannan kwaskwarima ba. An nuna yadda kan jama'a ya rabu biyu. Sun rasa 'ya'yansu sama da 100,000 a yaƙin farko, da yawa suna ganin an yaudare su ne, don haka daga 1935 majalisa ta riƙa yin dokokin 'yan ba-ruwanmu da suka hana sayar wa masu yaƙi makamai. Shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh yana yawo yana cika zauruka da jawabin kada a shiga. A 1939 sojojin ƙasa na Amurka ba su kai 200,000 ba. Shugaba Roosevelt ya bi abin a hankali: a Satumban 1940 aka yi dokar ɗibar matasa aikin soja, a Disamba ya ce dole ƙasarsa ta zama rumbun makaman masu kare dimokuraɗiyya, a Maris 1941 aka yi dokar ba da aron kayan yaƙi, wadda ta ƙarƙashinta kayan kusan dala biliyan 50 suka tafi Ingila da Tarayyar Sobiyet da Sin da sauransu kafin yaƙi ya ƙare.

A nan ne labarin ya fara ratsa ƙasarmu, kuma a nan na fara gaya wa 'yata abin da na shiga da shi. Da Italiya ta shiga yaƙi, kai jiragen sama Masar ta tekun Bahar Rum ya zama kasada. Sai Ingila ta riƙa sauke su a akwatuna a Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙa su zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena yanzu, su ratsa Darfur zuwa Khartoum da Alƙahira. Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya juya wa Vichy baya a Agustan 1940 ya bi Janar De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus. Dubban jirage sun bi ta nan. A 1941, watanni kafin Amurka ta yi shelar yaƙi, kamfanin jiragen sama na Pan American ya karɓi aikin gyara filaye da jigila a wannan hanya da yardar Roosevelt, daga baya sojan saman Amurka suka karɓa. Wato Amurkawa suna aikin yaƙi a filin jirgin Kano tun ƙasarsu tana cewa ba ta ciki. 'Yata ta sauka a wannan fili, ba ta taɓa sanin haka ba.

Abin da ya ja Amurka ciki gaba ɗaya man fetur ne. Japan ba ta da mai, mafi yawan wanda take sha daga Amurka yake zuwa. Da ta shiga kudancin Indochina, yankin Vietnam na yau da maƙwabtanta, a tsakiyar 1941, Roosevelt ya ƙulle dukiyarta ya toshe man. Janar-janar na Tokyo suka ga ko dai su janye daga Sin, ko su ƙwaci rijiyoyin mai na Indonisiya da ke hannun Holan, kuma kafin su yi haka sai sun karya jiragen yaƙin Amurka. Ranar 7 ga Disamba, 1941 suka kai hari Pearl Harbor a Hawaii, mutum 2,403 suka mutu, 1,177 daga cikinsu a jirgi ɗaya, Arizona. Washegari majalisa ta amince da yaƙi, mutum ɗaya tak ya ƙi, wata 'yar majalisa mai suna Jeannette Rankin. Ranar 11 Hitila da Musolini da kansu suka yi wa Amurka shelar yaƙi. Fahimtata ita ce Amurka ta shiga ne don an taɓa ta, kuma don ta ga duniyar da Jamus da Japan za su raba ba za ta bar mata wurin numfashi ba. Wannan bai rage darajar yaran da suka mutu ba, kuma gidan ya ba mutum isasshen bayani ya yi wa kansa hukunci.

Sashen masana'antu shi ne nawa. A farkon 1942 aka daina ƙera motocin hawa, kamfanonin Detroit suka koma tankoki da injinan jirage. Kafin yaƙi ya ƙare Amurka ta ƙera jiragen sama kusan 300,000. Masana'antar Ford da ke Willow Run ta kai tana fitar da jirgin jefa bam guda kusan kowace awa. Jiragen ruwan dakon kaya da ake kira Liberty an yi 2,710, kuma sirrin saurinsu walda ce: maimakon a riƙa buga ƙusoshin ƙarfe ɗaya-ɗaya kamar da, sai a haɗa manyan sassa a wurare daban-daban a kawo a liƙe. Na farkonsu sun ɗauki watanni, daga baya aka sauko kusan kwana 42, akwai wanda aka gama cikin kwana 4 da 'yan awoyi don nuna bajinta. Da yawa daga masu riƙe da sandar waldar mata ne da ba su taɓa shiga masana'anta ba. Gaggawar ta zo da nata ciwon, don wasu jiragen sun tsage a ruwan sanyi, kuma daga binciken wannan ne aka gane yadda ƙarfe ke gautsi idan sanyi ya yi yawa, darasin da har yau ake koya wa duk mai koyon sana'armu. An kuma gina ɗakin girki da falo na wani gida na lokacin, da takardun rabon sukari da nama da fetur. Kawu ya ce su ma an yi ƙarancin gishiri da kananzir da yadi a wancan lokaci, haka iyayensu suka ba su labari. Da Malaya ta faɗa hannun Japan a 1942 aka rasa kuzarta, Turawa suka ɗebi dubun dubatar talakawan Arewa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, da yawa sanyi da cuta suka kashe su.

Na yaba wa gidan da bai tsallake abin kunyar ƙasarsa ba. Akwai zaure a kan yadda aka kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu haifaffun Amurka, aka tsare su a sansanoni daga 1942. Akwai bayanin baƙaƙen fata sama da miliyan ɗaya da suka sa kaki amma aka ware musu rundunoni daban, har wata jaridarsu a Pittsburgh ta fito da kiran nasara biyu, ɗaya a kan Hitila ɗaya a kan wariya a gida. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariyar a soja. 'Yata ta karanta kowane allo a wannan zaure.

Ginin da ke bin fagagen fama kashi biyu ne, hanyar Berlin a ƙasa, hanyar Tokyo a sama. An yi aiki sosai a kan ido da kunne: ka ratsa hamadar Tunisiya, ka shiga rusasshen ƙauyen Italiya, ka bi dajin ƙanƙara na Ardennes. Saukar Normandi ta 6 ga Yuni, 1944, da sojoji kusan 156,000 a rana ɗaya, an ba ta haƙƙinta. Abin da mai ziyara zai riƙe a ransa shi ne mafi yawan sojojin Jamus a gabas suka hallaka, a hannun Tarayyar Sobiyet, wadda ta rasa mutum kusan miliyan 27. Amurka ta rasa sama da 400,000 daga cikin miliyan 16 da suka yi aikin soja.

A hanyar Tokyo ne, bayan an wuce Midway da dajin Guadalcanal, muka iso zauren Sin da Boma da Indiya. Wani jirgin yaƙi mai zanen bakin kifi da haƙora yana rataye a sama. Ana bayanin matuƙan Amurka da ke tsallaka duwatsun Himalaya da kaya zuwa Sin, da hanyar Ledo da aka sara cikin daji, wadda mafi yawan sojojin Amurkan da suka gina ta baƙaƙe ne. Kawu ya nemi benci ya zauna gaban taswira. Ya sa 'yata ta nemo masa gaɓar Arakan da yatsa, ya ce, "To nan ne, jikata." Sannan ya ba ta labarin kamar yadda ya ji daga mahaifinsa: jirgin ruwa daga Ikko har Bombay, ruwan sama da ba ya ɗaukewa, matsattsaku da ke shiga takalmi, da kaya a ka, don inda rundunarsu ta bi mota ba ta shiga, kakan nawa yana cikin masu dakon harsashi da abinci. Abincin ma daga sama ake jefo musu da laima. Ya dawo da lambar yabo da 'yan kuɗin sallama da zazzaɓin da bai rabu da shi ba, ya koma gona.

Sojojin Afirka ta Yamma kusan 90,000 ne suka je Boma, a Runduna ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce yaren bariki a bataliyoyin Najeriya. Sun yi faɗa a kwarin Kaladan, suka karɓi Myohaung a Janairun 1945. Bataliyoyi uku na Najeriya suna cikin dakarun Chindit na Ingila da aka sauke bayan layin Japan a 1944, kuma sojan saman Amurka na cikin waɗanda suka yi jigilarsu, ƙananan jiragen Amurka ne kuma ke sauka cikin daji su kwashe masu rauni. Duk wanda ya tashi a Zariya ya san barikin Chindit, na Kaduna ya san Dalet da Kalapanzin, na Ikko ya san Dodan da Arakan da Myohaung. Sunayen Boma ne duka, muna faɗinsu kullum ba mu tambaya.

Wani dattijo cikin masu aikin sa kai da ke yi wa baƙi jagora ya ga mun daɗe, ya matso ya tambaya ko muna buƙatar taimako. Na gaya masa abin da Kawu ke cewa. Ya ja kujera ya zauna, ya saurara ina fassara, ya yi tambayoyi na wanda ya san Chindit sarai, ya kuma rubuta sunan barikin Zariya a ɗan littafinsa. Da za mu tashi ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu ya yi masa godiya a madadin mahaifinsa. Irin waɗannan ma'aikata suna ko'ina a gidan, akasarinsu tsofaffi, wasunsu 'yan mazan jiya na yaƙe-yaƙen baya, kuma su ne abin da na fi ba gidan maki a kai.

Ƙarshen hanyar Tokyo yana da nauyi. Daren 9 ga Maris, 1945 jiragen Amurka suka ƙona Tokyo, mutum kusan 100,000 suka mutu. Ranar 6 ga Agusta aka jefa bam ɗin ƙare-dangi a Hiroshima, ranar 9 a Nagasaki, zuwa ƙarshen shekarar waɗanda suka mutu a biranen biyu sun kai wajen 200,000. Yawancin yuraniyom ɗin da aka fara aikin bam ɗin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka tono shi. Hujjar Amurkawa ita ce abin da suka gani a Okinawa, inda suka rasa sama da 12,000, ya nuna shiga Japan da ƙafa zai ci rayukan da suka fi haka. Na fahimci tsoron, na kuma ga hotunan abin da sojojin Japan suka yi wa mutanen Nanjing da fursunoni. Amma zuciyata ba ta yarda a ƙona mata da yara a gidajensu don a tanƙwara shugabanninsu ba, ko waye ya yi.

Sabon ginin da aka buɗe a Nuwamban 2023 shi ne na abin da yaƙin ya bari. Akwai sansanonin da 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa miliyan 6 da wasu miliyoyin, akwai shari'ar Nuremberg. A shiga da natsuwa, kuma a yi tunani kafin a shigar da ƙaramin yaro. Yaƙin ya ci mutum sama da miliyan 60, galibi farar hula. Turai da Japan sun zama kufai, Amurka kuwa ta fito masana'antunta ba wanda ya taɓa su, tana yin kusan rabin kayan da duniya ke ƙerawa. Daga nan komai ya biyo. A taron Bretton Woods na 1944 aka kafa Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, aka ɗora kuɗaɗen duniya a kan dala, don haka ɗan canjin Wapa da ke duba farashi da sassafe yana cikin sakamakon wannan taro. A 1945 aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Francisco, ƙasashe biyar da suka ci yaƙi suka riƙe ikon hawa kujerar na-ƙi har yau. Shirin Marshall ya zuba kusan dala biliyan 13 a Yammacin Turai daga 1948, aka kafa NATO a 1949, aka shiga yaƙin cacar baka da Sobiyet. Sojojin Amurka suna Jamus da Japan har gobe. A 1948 kuma aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu, ciwon da bai warke ba.

Namu sakamakon ya zo ta wata ƙofa. A Agustan 1941 Roosevelt da Churchill sun sa wa duniya alkawari cewa kowace al'umma tana da 'yancin zaɓen gwamnatinta. Churchill ya dawo gida ya ce ba da ƙasashen da Ingila ke mulka ake ba, amma magana ta riga ta fita. A 1943 'yan jaridar Afirka ta Yamma suka je Ingila, cikinsu da Nnamdi Azikiwe da Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma a wannan tafiya Azikiwe ya miƙa takardar neman mulkin kai yana kafa hujja da wancan alkawari. Sojojin da suka dawo daga Boma sun ga Bature yana gudu yana kuka yana mutuwa kamar kowa. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948 'yan mazan jiya suka yi maci a Accra suna neman haƙƙinsu, 'yan sanda suka harbe uku, garin ya kama da wuta, shekara tara bayan haka Gana ta sami 'yanci. Ingila ta fito daga yaƙin da bashi har wuya, ba ta da ƙarfin riƙe abin da ta riƙe.

Ga mai niyyar zuwa: ana buɗewa ƙarfe 9 na safe a rufe ƙarfe 5 na yamma, kuma wuni ɗaya da ƙyar yake isa idan kai mai karanta allo ne. Akwai tikitin dawowa washegari a farashi mai sauƙi, a tambaya tun wajen biya. Fim ɗin da ake nunawa a babban zauren kallo kuɗinsa daban, kujeru suna girgiza, ƙarar tana da ƙarfi, mai ciwon zuciya ko hawan jini ya yi shawara. Sanyin na'ura yana da yawa a ciki ko da waje ana zafi, a riƙo wa dattijo rigar sanyi, a kuma nemi keken turawa idan ƙafarsa ba ta jure tsayuwa. Akwai wurin cin abinci a ciki, amma girkin wannan birni ko'ina yana son naman alade, har a miyar da za ka ɗauka ta kifi ce zalla, don haka a tambaya kafin a ce a kawo. Mu mun tsaya ga soyayyen kifi da dankali, muka haɗa Azahar da La'asar tunda matafiya ne. Zauren manyan jiragen sama a bar shi ƙarshe, lokacin da kai ya gaji da karatu. An rataye su daga rufi, har da babban mai jefa bam B-17, akwai kuma barandu hawa-hawa da ake bi a gan su ta sama. Mai jin jiri ya tsaya a hawa na farko, daga nan ma ana ganin cikinsu da kyau.